Shanshanin gandun Kursk: ƙaramin maharbin da ke nuna lafiyar ƙasa

Masu sauraron rediyo a Maradi, Damagaram da Tawa sun san sunan Kursk ne ta hanyar labarin yaƙi, tun lokacin da sojojin Yukren suka kutsa wannan jiha ta Rasha a watan Agustan 2024. Amma a wajen masana ƙasa da tsirrai, Kursk ta yi suna tun da jimawa saboda wani abu dabam. A can ne ake da wani gandu da gwamnati ke karewa, inda ƙasar ba ta taɓa ganin garma ba. A ƙarƙashin ciyawa da busassun ganyen wannan gandu akwai wata halitta da kowane manomi a Nijar ya sani, kuma yawanci da ya gan ta sai ya ɗauki takalmi: shanshani.

Masana suna ƙirga shanshani a irin waɗannan wurare don dalili. Yawansa, da irin wanda ake samu a kowane lungu, suna nuna ko ƙasa tana riƙe danshi, ko tana da rai a cikinta, ko kuma ta fara mutuwa. Wannan tambaya ce da ta shafe mu a nan Sahel.

Inda kurmi ya haɗu da fili

Daga ƙasar Hangari, a ratsa Yukren da kudancin Rasha, har zuwa duwatsun Altai da arewacin Mongoliya, akwai wani dogon zirin ƙasa da Rashawa ke kira lesostep, wato kurmi da filin ciyawa a haɗe. Arewa da shi kurmi ne mai duhu. Kudu da shi fili ne fetal, ciyawa iya ganin ido. A tsakiya kuwa sai ka ga tsibirin itatuwa nan, filin ciyawa can, kamar zanen da aka yi wa faci. Ruwan sama ya isa ya raya itace a kwari da gangare mai inuwa, amma a kan tudu ciyawa ce ke da rinjaye.

Ƙasar wannan yanki ita ce baƙar ƙasar nan da ake kira carnozem, wadda masanin Rasha Vasili Dokucayev ya rubuta littafi a kanta a 1883. Albarkarta ce ta jawo mata: kusan duk an nome ta an shuka alkama, masara da sauran amfanin gona. Abin da ya rage na asalin filin ƴan gutsattsari ne.

Ɗaya daga cikinsu shi ne gandun Baƙar Ƙasa ta Tsakiya, wanda aka kafa a 1935 bisa ƙoƙarin masanin tsirrai Vasili Alyohin, kuma sunansa gandun ke ɗauke da shi. Faɗinsa bai wuce hekta 5,300 ba, a rarrabe kashi 6. Idan aka kwatanta da gandun Gadabeji na jihar Maradi mai hekta 76,000, ɗan ƙarami ne ƙwarai. Sashen da ya fi suna, filin Streletski, yana kudu da birnin Kursk kaɗan. Abin da ya tserar da shi daga garma shi ne tarihi: a ƙarni na 17 an ba sojojin da ke gadin birnin wannan fili don su yanki ciyawa su kuma yi kiwo, jikokinsu suka ci gaba da haka. A wannan fili an taɓa ƙirga irin tsiro sama da 80 a cikin murabba'in mita ɗaya tak. A gefensa akwai ƙananan kurame na itacen da Faransawa ke kira chêne, mai zubar da ganye duk shekara kafin sanyi.

Shanshani dabam, ƙadandoniya dabam

Kafin a yi nisa, ya kamata a raba abubuwa biyu da mutane kan haɗa. Ƙadandoniya jikinta zagayayye ne, tafiyarta a hankali, in an taɓa ta sai ta naɗe. Kowace gaɓa ta jikinta tana da ƙafa huɗu. Abincinta ruɓaɓɓen ganye ne, wani lokaci kuma ta faɗa wa irin gyaɗa da ƙananan tsiro a farkon damina, abin da manoman gyaɗa suka sani sarai.

Shanshani kuwa jikinsa a baje yake, yana da sauri, kuma kowace gaɓa ƙafa biyu gare ta, ɗaya dama ɗaya hagu. Ba ya cin shuka. Maharbi ne. Ƙafafunsa biyu na farko sun rikiɗe sun zama ƙugiyoyi masu dafi a ƙarƙashin kai, da su yake cafke abin da zai ci ya sa masa dafi. Abincinsa ƙananan ƙwari, tsutsotsi, gizo-gizo, tana, har da ɗan'uwansa shanshani in ya fi shi ƙarfi.

Masana sun bayyana irin shanshani sama da 3,000 a duniya. Sunansa a wasu harsunan Turai yana nufin mai ƙafa ɗari, amma babu baligin shanshani mai ƙafa 100 cif. Adadin jerin ƙafafunsa kullum mara ne: 15, 21, 23, har zuwa 191, ba ya taɓa zama 50. Tsohuwar halitta ce, don an samu burbushinta a duwatsun da suka haura shekara miliyan 400.

Manyan gidaje uku

A yankin kurmi da fili, gidaje biyu ne suka fi yawa, na uku kuma yana can kudu inda ya fi ɗumi.

Gida na farko shi ne na shanshanin ƙarƙashin dutse, wanda masana ke kira Lithobiomorpha. Gajere ne, ja-ja ko ruwan ƙasa, yana da jerin ƙafa 15. Wanda aka fi sani a Turai, Lithobius forficatus, tsawonsa bai cika wuce santimita 3 ba. Yana zaune a cikin tarin ganye, ƙarƙashin ɓawon itace da ruɓaɓɓen gungume, da dare yake fitowa farauta. Ana ƙyanƙyashe shi da ƙafafu kaɗan, duk lokacin da ya yi saɓa sai su ƙaru har su cika. Yakan yi shekara 5 zuwa 6 a duniya, abin da ba kasafai ake samu ba a halitta ƙarama haka.

Gida na biyu shi ne na shanshanin cikin ƙasa, Geophilomorpha. Siriri ne kamar zare, launinsa rawaya-rawaya, ba shi da ido ko ɗaya. Jerin ƙafafunsa daga 27 ne zuwa sama. Yana bin ramin tana da tsagar ƙasa da gurbin ruɓaɓɓiyar saiwa, yana farautar tsutsotsi a can cikin duhu. Uwar takan naɗe jikinta a kan ƙwai, tana lasar su don kada su yi fumfuna, ba ta barin su sai sun ƙyanƙyashe. Wani iri daga wannan gida, Pachymerium ferrugineum, ya shahara da jure wa fili mai rana da ƙasa mai yashi.

Gida na uku shi ne wanda muka fi sani a nan, manyan shanshani masu jerin ƙafa 21 ko 23, Scolopendromorpha. A Turai sun fi yawa a kudu, wajen tekun Bahar Rum da Kirimiya. A Afirka kuwa su ne ake gani a ɗaki da damina. Mafi girma a cikinsu, na ƙasar Benezuwela da maƙwabtanta, yana kaiwa santimita 30, har jemage yake kamawa a cikin kogo.

Ruwa ne ke raba musu gida

Sirrin rayuwar shanshani gaba ɗaya yana ga ruwa. Ƙwari irin su fara da buzuzu suna da wani shafi mai kama da kaki a fatarsu, wanda ke hana ruwan jiki fita. Shanshani ba shi da wannan kariya sosai. Ƙananan ƙofofin da yake numfashi da su a gefen jiki ma, yawancin irinsa ba sa iya rufe su. Don haka in aka bar shi a busasshen wuri, cikin ɗan lokaci sai ya bushe ya mutu. Shi ya sa yake fita da dare, shi ya sa kuma ake samunsa ƙarƙashin randa, ƙarƙashin tabarma ko tarin kara.

Wannan rauni ne ke tsara yadda suke zaune a gandu. A cikin kurmi, ganyen da ke zuba kowace shekara yana yin kauri, inuwa tana hana shi bushewa, iska ba ta ratsa shi. A nan shanshanin ƙarƙashin dutse ke da yawa, iri-iri, kowane da matakinsa: wani a saman ganye, wani a ruɓaɓɓen da ke ƙasa, wani a cikin gungume. A fili kuwa rana tana dukan ƙasa kai tsaye, zafin rana da sanyin dare suna da tazara. A nan shanshanin cikin ƙasa ne ya fi samun sauƙi, domin in sama ta bushe sai ya nutsa ƙasa inda laima take, in ruwa ya sauka ya sake hawowa. Da hunturu ma, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, ƙasa suke yi don tsere wa daskarewa.

Bakin kurmi, inda itace ke ƙarewa ciyawa ta fara, shi ne mahaɗa. Ƴan kurmi suna leƙowa, ƴan fili suna shigowa neman inuwa. Da fari, nan ne mafakar da ake komawa, in damina ta yi kyau kuma daga nan ake sake bazuwa cikin fili. Saboda haka gandun da ke da kurmi da fili da kwari a haɗe yana ɗaukar irin shanshani fiye da wanda yake abu ɗaya ne tak, ko da faɗinsu ɗaya.

Akwai kuma irin da ke bayyana inda aka dami ƙasa. Lamyctes emarginatus, alal misali, ɗan ƙarami ne da ke gama rayuwarsa cikin shekara guda, kuma a Turai matan suna haihuwa ba tare da namiji ba. Irin wannan yana saurin mamaye gona ko wurin da ambaliya ta share. Masu tsawon rai kuwa, waɗanda sai sun yi shekaru kafin su balaga, ba sa jure wa a riƙa juya musu ƙasa kowace shekara. In masani ya tarar da masu gajeren rai kaɗai, ya san an wahalar da wurin. In ya tarar da masu tsawon rai iri-iri, manya da ƙanana, ya san ƙasar ta daɗe a zaune lafiya.

A yanka, a yi kiwo, ko a bari?

Abin da ya sa gandun Kursk ya zama makaranta shi ne, ba a bi da filin duka ta hanya ɗaya ba. An raba shi. Wani sashe ana yanka ciyawarsa kowace shekara. Wani ana yanka wasu shekaru a huta wata. Wani ana kiwo a cikinsa. Wani kuma an bar shi sam, ba lauje ba dabba, shekaru da dama. Haka ya ba masana damar kwatanta sakamakon a ƙasa iri ɗaya, ƙarƙashin ruwan sama iri ɗaya.

Inda aka bari sam, busasshiyar ciyawa tana taruwa ta zama shimfiɗa mai kauri. Tana tare dusar ƙanƙara, tana riƙe laima, tana sanyaya ƙasa. Ga halittun da ke son danshi, wannan gida ne mai kyau. Amma furannin fili masu son rana suna raguwa, ƴan manyan ciyayi kaɗan suna danne sauran, daga baya ƙananan itatuwa su fara shigowa. Inda ake yanka kuwa, tsirrai iri-iri suna ƙaruwa, amma ƙasa ta fi bushewa, shimfiɗar da ƙananan maharba ke ɓuya a ciki ta yi siriri. Inda kiwo ya yi yawa, kofato yana danne ƙasa, ramuka da tsagogin da shanshanin cikin ƙasa ke bi suna toshewa.

Wato babu hanya ɗaya da ta dace da kowa. Abin da ya gyara wa fure ya rage wa shanshani, abin da ya gyara wa shanshani ya rage wa fure. Mai kula da gandu da ke son ya riƙe duka, dole ya bar wurin a cakuɗe: nan a yanka, can a bari, a kuma ƙyale matattun itatuwa su ruɓe inda suka faɗi.

Yadda ake ƙirga su

Aikin ba ya bukatar manyan na'urori. Hanya ta farko ita ce a binne ƙananan kofuna, bakinsu daidai da fuskar ƙasa, a jere, a riƙa dubawa bayan ƴan kwanaki. Duk abin da ke yawo da dare zai faɗa ciki. Wannan tana kama masu gudu a sama, amma ba ta kama na cikin ƙasa. Don su, sai a yanki ƙasa murabba'i, misali santimita 25 kowane gefe, a haƙa mataki-mataki, a baza a kan leda a tsince da hannu. Hanya ta uku, a zuba ganye da ƙasa a mazurari, a kunna fitila a sama. Zafi da bushewa su kore halittun zuwa ƙasa, su faɗa cikin kwalba. Daga nan sai madubin ƙara girma, a duba haƙora da ƙafafun baya don a gane iri. Ana maimaitawa da bazara, da rani, da kaka, domin abin da aka kama a wata ɗaya ba ya ba da cikakken hoto.

Masanin Rasha Merkuri Gilyarov ne ya yi fice wajen wannan tunani, cewa halittun cikin ƙasa suna iya gaya maka irin ƙasar da halin da take ciki. Ya fitar da littafi a kan haka a 1965. Shanshani ya dace da wannan aiki saboda yana saman jerin masu ci a wannan ƙaramar duniya. Kafin ya samu abinci, sai an samu ganye, an samu fumfuna da ke ruɓar da shi, an samu ƙananan ƙwarin da ke cin fumfunar. In ɗaya ya yanke, shi ma ya tafi. Shi kuma abinci ne ga tsuntsaye, kwaɗi, jaɓa da bushiya.

Me ya haɗa mu da wannan?

Ruwan da ke sauka a Kursk a shekara yana wajen milimita 600. Na Maradi yana wajen 500. Tazarar ba ta da yawa. Bambancin shi ne, nasu yana rarrabuwa cikin shekara kuma sanyi yana hana shi ƙafewa, namu kuwa yana zuba cikin wata uku zuwa huɗu, sannan rana da iskar hunturu su kwashe sauran. Ke nan abin da ke rufe ƙasa ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da wurinsu.

Mu ma ƙasarmu mahaɗa ce tsakanin itace da ciyawa. Dajin Baban Rafi a yankin Madarunfa, gandun Gadabeji da aka kafa a 1955, gandun W a bakin kogin Isa, da dajin nan mai zane-zane na tuddan kewayen Yamai inda zirin itatuwa ke bin zirin fako, duk wurare ne da inuwa da sarari ke maƙwabtaka. Irin shanshanin ba ɗaya ba ne da na Rasha, amma dokar ɗaya ce: inda ganye ya taru aka samu laima, nan rai ke taruwa.

Abubuwan da ke kwashe wannan shimfiɗa kuwa mun san su. Gobarar daji tana cinye ta cikin awa guda. Kwasar ciyawa da kara har ƙasa ta zama tsirara, don sayarwa ko don dabbobi, bukata ce ta gaske ga iyali, amma tana barin gona ba mayafi wata takwas. Sare itace yana ɗauke inuwa da ganyen da zai zuba. Maganin ƙwari da aka fesa ba bisa ƙa'ida ba yana kashe mai ɓarna da mai farautarsa tare.

A gefe guda, manoman Nijar sun riga sun nuna hanyar gyara. Sassaben zamani, wato barin tohon itace ya girma a cikin gona, wanda ya bazu daga jihar Maradi tun shekarun 1980, an ƙiyasta ya maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Tassa da ake haƙawa a jihar Tawa ana zuba taki, tana jawo gara ta buɗe ƙasa ruwa ya shiga. Manomin da ya bar kara a kwance a kan fako ya san bayan damina ɗaya ko biyu wurin yana laushi. Duk wanda ya taɓa ɗaga tarin ganye a gindin gawo ko kalgo da damina ya ga abin da ke motsi a ƙarƙashi. Abin da masanan Kursk ke aunawa da kofi da mazurari ke nan.

In an haɗu da shi a gida

Wannan ba ya nufin a bar shanshani a shimfiɗar yara. Cizon manyan yana da zafi ƙwarai, wurin yakan kumbura ya yi ja, zafin ya ɗauki awoyi, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu. Amma da wuya ƙwarai ya yi kisa. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, kada a tsaga, kada a ɗaure. In ƙaramin yaro ne, ko kumburin yana yaɗuwa, ko numfashi ya fara wuya, a garzaya gidan likita ba tare da jinkiri ba. A kakkaɓe takalmi da tabarma da damina, a nisanta tarin kara da itace daga bangon ɗaki.

A gona da daji kuwa, babu dalilin kashe shi. Ba ya cin hatsi, ba ya cin wake, ba ya taɓa gyaɗa. Tsutsotsi da ƙwari yake ci. Manomin da ya ɗaga kara a gonarsa ya ga shanshani ya ruga, ya samu shaidar cewa akwai sauran laima da rai a wannan ƙasa, sai ya mayar da karan inda yake.